Na'urar goge ɗaki da fitsarin yaro: amsa ga wata 'yar'uwa daga Garwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibarku ce daga Garwa, unguwar Yelwa. Maigidana ne ya yi tafiya Dubai ya taho min da wannan na'urar da ake ce wa robo, mai zagaya ɗaki da kanta tana kwashe ƙura tana goge karo (tayil) da ruwa, don ya ga ina fama da ciwon baya tun haihuwata ta uku, ga ƙurar hunturu ba ta barin mutum ya huta. To Hajiya mahaifiyarsa da ta zo ta gani sai wani jikanta ya ce mata ai mutum-mutumi ne, ta ce shikenan mala'iku sun daina shiga gidan, kuma wani malami a unguwarsu ya tabbatar mata da haka, wai kwaikwayon halittar Allah ne tunda tana tafiya da kanta. Tun ranar ba ta ƙara sallah a ɗakina ba. Ni kuwa Malam ina kula da tsaftarta sosai, kullum sai na zuba mata sabulun ruwa mai ƙamshi da ɗan jabel (ruwan bilic) a tankin, ko autana ya yi fitsari a salon (falo) sakinta kawai nake yi ta goge wurin ya yi tas. Halal ce ko in ce ya sayar? Sannan yarinyar da take min aiki ina tunanin sallamarta tunda aikin ya ragu.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, ya raya zuri'a, ya saka wa maigidanki da alheri, mutumin da ya ga matarsa tana duƙawa da ciwon baya ya nemo mata sauƙi ya yi abin da ake so miji ya yi.

Mallakar na'urar da amfani da ita halal ne, kada ki sayar. Amma abin da ya tsayar da ni a saƙonki ba maganar Hajiya ba ce, wani layi ne da kika faɗa a wuce kina ganin shi ne hujjar tsaftarki: sabulu da jabel a tanki, da sakin na'urar a kan fitsarin yaro. Nan ne hukunci yake canzawa, to mu fara da shi.

Tsafta daban, tsarki daban. Ruwan da yake gusar da hukuncin najasa a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ruwa zalla wanda kalarsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza da wani abu da aka zuba masa ba, wannan darasi ne na farkon Ishmawi da na tabbata kin wuce shi a islamiyya, ruwan da ya canza da abu mai tsarki shi kansa mai tsarki ne, a yi wanki da shi a yi girki, amma ba ya tsarkake wani. Ruwan tankinki da sabulu ya sa shi kumfa da ƙamshi ya shiga wannan sahun. Wuri zai yi ƙyalli, hanci ba zai ji komai ba, amma hukuncin najasa yana nan a kwance. Kuma abin ma ya fi haka, don malamanmu sun ce ruwan da ya riga ya canza idan najasa ta faɗa masa yana najastuwa ko da 'yar kaɗan ce, kamar yadda abinci mai ruwa yake, saɓanin ruwa zalla da yake iya rinjayarta. Kin ga kenan ƙamshin da kika ƙara da kyakkyawar niyya shi ne ya raunana ruwan.

Sai ki duba yadda na'urar take aiki. Mafi yawansu tankin da ke jikinsu bai kai rabin lita ba, ɗigo-ɗigo yake sauka a kan wani ƙyalle da ke manne a ƙasanta, ita kuma tana jan ƙyallen nan ko tana juya shi daga salon zuwa ɗakin kwana zuwa inda kike shimfiɗa darduma. Shafa ce take yi, ba zuba ruwa ba. Idan ta bi ta kan fitsari yana ɗanye, ƙyallen ya sha, to abin da ya biyo baya rabon fitsarin ne a sauran ɗakin. Lokacin da balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci Manzon Allah (SAW) guga guda na ruwa ya sa aka kwara a wurin, yawan ruwan shi ne abin lura.

Abin da za ki yi mai sauƙi ne kuma ba zai karya miki baya ba. Yaro ya yi fitsari, ki jefa tsumma ki taka da ƙafa ya tsotse, ki ɗauke shi ki kai wajen wanki, ki zuba ruwa zalla daga buta a wurin, ki janye shi da sandar goge-goge ko wani tsumman mai tsarki, idan ruwan ya fita bai canza ba wurin ya tsarkaka. Karo ba ya shan ruwa, sau ɗaya ko biyu ya isa, sai dai ki lura da layin siminti da ke tsakanin karo da karo don nan yake maƙalewa. Bayan nan ki saki na'urar ta yi ta yawonta da ƙamshinta ba komai. Fitsarin namiji da na mace duk wanke su ake yi a wurinmu. Maganar wai na'ura ba ta da niyya kuwa ba ta taso ba, gusar da najasa ba ya buƙatar niyya, ruwan sama ma yana tsarkake wuri.

Akwai wani nau'in da yake fesa ruwa mai kyau sannan ya zuƙe mai dattin ya tara a wani tanki daban. Irin wannan idan ruwa zalla aka zuba masa, kuma ruwan ya mamaye wurin har ya fita bai canza ba, ya tsarkake. Amma daga yadda kika siffanta taki ina ganin mai ƙyalle ce. Ki ciro ƙyallen yau ɗin nan ki wanke shi da sabulu sannan ki ɗauraye da ruwa zalla, ɗaurayar ƙarshe ita ce tsarkin. Ɗakunan da ta zagaya a baya ki kwara musu ruwa sau ɗaya ki janye, magana ta ƙare. Jabel ɗin nan ma ki duba takardar da ta zo da na'urar, yawancin masu ƙera su suna hana zuba shi da sabulun gama-gari a tanki don yana lalata roba da ɗan famfon da ke ciki.

Yanzu na san abin da zai faɗo miki a rai, sallolin da na yi fa? Kada ki rama ko ɗaya. Kawar da najasa yana wajaba ne da tunawa da iko, wanda ya yi sallah bai sani ba ana so ya sake ne kawai idan lokacin bai fita ba, naki kuwa duk sun fita. Kuma a kan darduma kike sallah, shimfiɗa mai kauri mai tsarki a kan wuri busasshe ta wadatar. Sannan Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa idan ainihin najasa ya gushe da abin da ba ruwa zalla ba, abin da ya taɓa wurin ba ya najastuwa, to ƙafarki da ta taka karo bayan alwala ba ta ɗauki komai ba matuƙar ba sauran fitsarin a wurin. Na jaddada wannan ne don na ga mata da yawa da aka yi musu bayanin najasa sai waswasi ya kama su, su wuni suna wankin ɗaki suna canza zane, har sallah ta zama musu nauyi. Ke mai goyo ce, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame a abin da yake samun tufafinta matuƙar tana iya ƙoƙarinta.

To sai maganar mutum-mutumi. Ina girmama malamin da ya faɗa, amma wannan fatawa ba daidai ba ce, kuma ina kyautata zaton sunan ya ji, bai ga abin da idonsa ba. Mutum-mutumi a Hausarmu ta asali shi ne abin da ake kafawa a gona da tsumma don korar tsuntsaye, ko siffar mutum da aka sassaƙa, da waɗannan injina suka fito sai 'yan jarida suka ari kalmar suka liƙa musu gaba ɗaya, mai siffar mutum da marar ita. Hukunci kuwa yana bin haƙiƙanin abu ne, ba sunan da mutane suka raɗa masa ba. Hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura ingantacce ne, ba mai ja, tambayar ita ce mece ce sura. A hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya ƙi shiga gida saboda wani mutum-mutumi, sai ya ce a cire kansa ya koma kamar siffar bishiya. Wato wanda aka ƙera shi tun farko da siffar mai rai ma, da an cire kai hukuncin ya faɗi. To ina ga abin da bai taɓa yin kai ba? Malaman Malikiyya suka ce surar da ta haramta ita ce ta mai rai, mai jiki da inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Na'urarki faifai ce mai tayoyi, ba fuska ba hannu ba ƙafa, da murfin tukunya ta fi kama.

Sai a ce ai tana tafiya da kanta, wannan shi ne kwaikwayon halitta. Hadisin masu kwaikwayon halittar Allah ya zo ne a kan labulen Nana A'isha mai hotuna, a kan siffantawa yake magana, ba a kan motsi ba, labulen ai ba ya motsi. Da motsi ne illar da fanka ta haramta, da agogon bangon masallaci, da injin markaɗe, da injinan ban ruwa da ke bakin Binuwai da ake kunna su a tafi a bar su suna aiki. Kuma ba da kanta take tafiya ba a haƙiƙa, wasu suna jefa haske ya bugi bango ya dawo su auna nisa, wasu sai sun yi karo da kujera su juya, duk bisa lissafin da ɗan Adam ya rubuta ya saka musu, batir ya ƙare ta tsaya cak. Muryar da take fitarwa naɗaɗɗiya ce kamar ta waya. Wanda kuma ya ce ba a san ta ba a zamanin magabata, bidi'a a ibada take, kayan aikin gida asalinsu halal ne, tsintsiya ce aka sa wa inji, kuma ba yau ta fito ba, tun 2002 wani kamfani a Amurka ya fara sayar da irinta mai suna Roomba. Da a ce wadda aka ƙera da cikakkiyar siffar mutum ko kare ce aka kawo miki da amsata ta bambanta. Haramta halal ba taka-tsantsan ba ne, ga shi ya jawo uwa ta ƙaurace wa ɗakin surukarta a kan abin da Allah bai hana ba.

Amma ke kada ki ɗauki wannan amsar ki je ki karanta wa Hajiya. Tsoron Allah ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma ba a gyara wa suruka karatu daga bakin matar ɗa. Ki ba maigidan, shi ya zauna da mahaifiyarsa cikin lallashi, ya juya na'urar ya nuna mata cikinta ta ga tayoyi da buroshi. Idan hankalinta bai kwanta ba, ranar da za ta zo ki kashe ta ki kai ta wani ɗaki ki rufe, ki shimfiɗa mata darduma wankakkiya. Kuma ki hana yara liƙa mata idanu ko zana mata baki, suna yi don wasa, kada a buɗe ƙofar magana.

Abin da ya fi cancanta a ji tsoro a jikin waɗannan na'urori ni a wurina kyamara ce. Wasu suna da ita a gaba, kuma ana haɗa su da intanet ta waya. A ƙarshen 2022 mujallar MIT Technology Review ta fallasa hotunan cikin gidaje da wasu na'urorin gwaji suka ɗauka, har da wata mata a banɗaki, suka kai hannun ma'aikatan da ake ba su tantance hotuna, daga nan suka fita kafar sada zumunta. Ke a ɗakinki ba lulluɓi kike ba. Ki sa a duba miki, idan tana da kyamara kada a haɗa ta da intanet, maɓallin jikinta ya isa ya sa ta aiki, kuma kada ta shiga ɗakin kwana kuna ciki. Wajen cajinta ya zama inuwa nesa da labule da katifa, zafin Garwa a watan 3 da na 4 ba ya yi wa irin wannan batir daɗi, idan an ɗauke kuran (wutar lantarki) ki zare ta daga bango kafin a dawo da shi da ƙarfi. Kafin ki sake ta ki ɗauke duk takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah da yara suka yar, ita ba ta bambancewa, haɗiyewa za ta yi ta haɗa da shara.

Yarinyar aiki kuma, sallamarta ya halatta idan kin cika mata haƙƙinta, amma ba na ba ki shawarar haka yanzu. Na'urar nan ba ta hawa dakali, ba ta sharar tsakar gida, ba ta wanke-wanke, kuma fitsarin da muka yi magana a kai hannu yake so, ke ga baya. Ki bincika su waye suke ci daga albashin nan, sau da yawa uwa ce da ƙanne a ƙauye. Idan shekarunta na karatu ne ki mayar da lokacin da ya ragu ya zama na islamiyya ko na boko, albashinta yana nan yadda yake. In kuwa dole sai an rabu, ki sanar da ita da wuri, ki cika mata watan, ki taya ta neman wani gida na mutunci. Ciwon bayan da ya daɗe tun haihuwa kuma ki je asibiti a duba shi, kada sauƙin da kika samu ya sa ki share.

Wallahu a'alam.