Safiyon gida a Ingila: amsar tambayar ƙanina

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce idan bizarka ta fito za ka sayar da filinka na Rijiyar Zaki ka haɗa kuɗin ajiyar sayen gida a nan Birmingham, kuma kana tambaya ko duba gida da banki ke yi ya wadatar.

Bai wadatar ba. Wanda banki ke turowa kuɗin banki yake karewa: ya ga ko gidan ya kai bashin da za a ba ka, shi ke nan. Wani lokaci ko ƙofar ba ya shiga, daga kwamfuta yake ƙiyasi. Kai za ka ɗauki naka mai duba gida, ka biya shi da aljihunka.

A Kano ka san yadda muke yi. Dillali ya kai ka, ka ja magini ya ƙwanƙwasa bango, mai wayo kuma ya jira damina ya ga inda ke yoyo. A nan safiyo ne mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu duba gine-gine, ba irin safiyon da ke auna fili ya kafa siminti a kusurwa ba. Matakin dubawa uku ne. Na 2 shi ne na gida lafiyayye, ɗaruruwan fam. Amma jerin gidajen jan bulon nan da mu baƙi muke iya saya, da yawansu sun haura shekara 100, don haka na 3 nake ba ka shawara, ko da zai ƙona maka aljihu.

Ranar da aka duba nawa ina wurin. Mutumin ya zo da tsani da tocila, ya leƙa cikin rufi ya duba katakon ko ya ruɓe, ya kalli bututun hayaƙi da indararo, ya bi tsagewar bango ya ga ta fenti ce ko harsashi ne ke nutsewa. Sai ya matsa bayan wadrob ɗin ɗakin kwana, inda aka shafa sabon fenti fari tas, ya manna wata 'yar na'ura a bango. Nan take ta yi ja. Laima ce, ciwon gidajen ƙasar nan, ba zafi irin namu da zai busar da ita. Da wannan rahoton na koma aka rage mini kuɗi, domin a Ingila ciniki bai ɗaure ba sai lauyoyi sun yi musayar takardun yarjejeniya.

Rahoton da launi yake zuwa: kore lafiya, ruwan ɗorawa a gyara ba gaggawa, ja kuwa kada ka yi wasa. Idan gidan ya girmi 1999, shekarar da aka haramta asbesto (wani kayan gini mai cutar da huhu) gaba ɗaya, zai yi maka gargaɗi a kai.

Sai dai ba ya ɗaga kafet, ba ya fasa bango, kuma wayoyin wuta da tukunyar gas da ido kawai yake kallonsu. Waɗannan sai ka kira mai wuta daban, da mai gas da ke cikin Gas Safe, rajistar masu izinin aikin gas.

Filin nan kuwa, kada ka sa shi kasuwa tukuna. Ka zo ka yi haya ka ga hunturu ɗaya. Ka gaida Hajiya.