Kiwon Hawainiya a Gida: Amsoshin Likitan Dabbobi

A wannan makon tambayoyi huɗu suka iso mini daga unguwannin Yamai, dukansu a kan hawainiyar da aka kamo aka ajiye a gida.

Tambaya: Likita, ɗana ya kamo hawainiya a wani lambu da ke bakin kogin Isa, ya sa ta a akwatin gilashi cikin ɗaki yau wata uku, yana ba ta ƙudaje da fara. Yanzu ƙafafunta sun lanƙwashe, tana faɗowa daga reshe, harshenta kuma ba ya kaiwa ga abinci. Daga wani malamin makaranta a Bukoki.

Amsa: Malam, alamun da ka lissafa na ciwon laushin ƙashi ne, kuma ɗakin da akwatin su suka jawo shi. Jikin hawainiya ba ya iya amfani da sinadarin kalsiyam sai da bitamin D3, shi kuwa wannan bitamin fatarta ce take haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta. Gilashi yana tare wannan haske, saboda haka ko da akwatin yana jikin taga, hawainiyar ba ta samun komai sai zafi. Ga shi kuma ƙwari ba su da kalsiyam mai yawa tun asali. Idan jini ya rasa shi, jiki yakan ɗebo daga ƙashi, har ƙafafu su karkace, muƙamuƙi ya yi laushi, harshe ya kasa harbawa.

Ka mayar da ita kejin waya mai tsayi, da rassa da ganye a ciki, ka ajiye shi inda hantsi zai same ta kai tsaye, amma rabin kejin ya kasance cikin inuwa. Wannan sharaɗi yana da nauyi ƙwarai a garinmu, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma hawainiyar da ba ta da wurin fakewa tana iya mutuwa kafin azahar. Ƙwarin da za a ba ta a fara ciyar da su ganyen zogale da karas na kwana ɗaya, sannan a barbaɗa musu garin kalsiyam. Idan ba a same shi ba, ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar kwalli yana taimakawa. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba zai miƙe ba, amma ana iya tsayar da ciwon, kuma tunda har ta kai ga faɗowa, a kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ko akwai karaya. A ganina, duk wanda ba zai iya waɗannan ɗawainiyoyi ba, gara ya mayar da hawainiya lambun da ya kamo ta tun tana da lafiyarta.

Tambaya: Na ajiye mata ruwa a kwano amma ban taɓa ganin ta sha ba, yanzu idanunta sun faɗa ciki. Daga wata uwargida a Wadata.

Amsa: Hajiya, ƙishirwa ce take damun ta alhali ruwan yana gabanta. Hawainiya ba ta saba shan ruwan da ke kwance ba, a dawa raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a kan ganye. Ki riƙa fesa ruwa mai tsabta a ganyen kejin safe da yamma, ki ƙara da rana a lokacin hunturu da bazara, ko ki huda gindin gorar roba ki rataye ta sama yadda za ta riƙa ɗiga a hankali. Ki lura da kashinta: farin ɓangaren da ke fita tare da shi idan ya koma ruwan goro, ruwa bai ishe ta ba. Idan kuma tana rufe ido da rana tsaka, ciwon ya yi nisa.

Tambaya: Zan iya ba ta soyayyar fara ta kasuwa? Kuma gaskiya ne cizonta yana da dafi? Daga wani ɗalibi a Talaje.

Amsa: Ɗana, abin da yake motsi kawai take farauta, gishiri da mai da yaji kuma suna cutar da ita. Ka ba ta fara da gyare masu rai waɗanda ba su fi faɗin kanta ba, ƙaramar hawainiya a ba ta kullum, babba kuma kwana ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka kamo su a gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari. Dafi kam ba ta da shi. Sai dai kashinta yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka a wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta, a kuma nisanta ta da ƙananan yara.

Tambaya: Tawa ta daina cin abinci, cikinta ya yi girma, kullum tana sauka ƙasan keji tana tono. Daga wani tela a Yantala.

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa mace ce mai ɗauke da ƙwai, ko da ba ka taɓa haɗa ta da namiji ba. Hawainiya ba ta son ƙasa, idan ta sauko tana tono, wurin nasa ƙwai take nema, in ta rasa kuma ƙwan yakan maƙale ya kashe ta. Ka sa mata bokiti cike da yashi mai ɗan danshi, zurfinsa kamar santimita 30, ka lulluɓe gefen kejin da zane, kada kowa ya leƙa, domin tana barin ramin idan ta ga ana kallon ta. Idan kwana biyu suka wuce tana yunƙuri ba ta nasa ba, ko ta kwanta ido a rufe, ka kai ta asibitin dabbobi a ranar, kuma kada ka matsa cikinta da hannu, domin ƙwan yana iya fashewa a ciki.