Amsa ga Yaya kan hawan 'yarmu dandamali a Amurka

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na ga saƙonka inda kake tambaya ko da gaske ne mun bar 'yarka ta wajena ta fito a wasan kwaikwayon makarantarsu, kuma ko jama'armu ta nan ba ta ganin abin kunya ne. Da gaske ne ta fito. Ni da mahaifiyarta muna zaune a layi na uku, ita kuwa tana kan dandamali da hijabinta.

Mu Hausawan unguwar Bronx da ke birnin New York, na Kumasi da na Nijar da na Najeriya, bakinmu bai zo ɗaya ba a kan wannan magana, domin akwai dattawan da har gobe ba su yarda 'ya mace ta tsaya gaban taro ba, kuma ba na raina hujjarsu. Amma yawancin iyayen da nake hulɗa da su abin da suke fara tambaya shi ne wane matsayi aka ba yarinya, me za ta faɗa, kuma me za ta saka. Mukan karɓi takardar wasan mu karanta a gida, mu kuma tabbatar ba a sa gwaji a lokacin Islamiyyar Asabar da Lahadi ba.

Ni dai abin da ya daidaita mini tunani shi ne tarihin Cicely Tyson, baƙar fatar da ta tashi a Harlem, ba nisa da mu. An haife ta a 1924, kuma mahaifiyarta mace ce mai riƙo da addininta na Kirista, wadda ta kore ta daga gida da ta ji ta shiga harkar wasa, har suka daɗe ba sa magana. Ka ga ashe ba mu kaɗai ke da wannan fargabar ba. Abin da ya ɗaga darajar Tyson shi ne ta ƙi karɓar duk matsayin da zai zubar da mutuncin baƙar mace, ko da hakan zai sa ta zauna ba aiki, alhali sana'a ce da samun gurbi a cikinta ke da wuya ƙwarai. Ita ce ta fito a matsayin Binta, mahaifiyar Kunta Kinte, a shirin talabijin na Roots a 1977. A 2013, tana da shekara 88, ta lashe kyautar Tony, wadda ita ce babbar kyautar wasan dandamalin Broadway, wato manyan gidajen wasan kwaikwayo na New York, inda aka saba yin wasa sau takwas a mako a gaban jama'a, babu damar a tsaya a sake ɗauka. Shugaba Obama ya ba ta lambar girmamawa ta ƙasa a 2016, ta kuma rasu a Janairun 2021.

Na ba 'yarka wannan labari tun kafin ta fara, kuma na ga ya zauna mata. Bana aka ba ta matsayin da sai ta riƙe hannun wani yaro, sai ta je da kanta ta sami malamar ta ce a canza mata. Aka mayar da ita kakar gida, muka ɗaura mata zanen atamfar da Hajiya ta aiko bara. Zan turo maka bidiyon ka nuna wa Hajiya, ina kuma jiran ra'ayinka bayan ka kalla.