Tambaya da Amsa: Takardar Odar Kaya a Access

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan gini, kuma a Access, manhajar ajiye bayanai ta Microsoft, nake rubuta takardun odar da nake aika wa masu kawo mini kaya. Da na sauya farashin siminti a watan nan, sai jimillar tsofaffin odar bara duk ta canza. Me ya jawo haka? (Mai shago, Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fom ɗinka yana ɗauko farashi kai tsaye daga teburin kaya, shi kuwa teburin kaya farashin yau kaɗai ya sani. Tebur huɗu aikin yake so: na masu kawo kaya, na kaya, na oda (lamba, kwanan wata, mai kawo kaya), sai na layukan oda (lambar oda, kaya, adadi, farashi). Wannan gurbin farashi na ƙarshe shi ne babu a naka.

Ka ƙara shi, nau'insa na kuɗi. A ƙaramin fom na layuka, ka sa akwatin zaɓen kaya ya ɗauko ginshiƙi uku: lamba, suna, farashi. A ƙarƙashin AfterUpdate na akwatin (wurin umarnin da ke aiki da zarar an zaɓi kaya) ka rubuta Me.Farashi = Me.Kaya.Column(2), inda Kaya sunan akwatin ne, Farashi kuma sunan sabon gurbin. Daga sifili Access yake ƙirga ginshiƙai, don haka 2 shi ne na uku. Daga nan duk layin da aka shigar zai riƙe farashin ranarsa.

Haka za ka yi da harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya (VAT). A Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari. Ajiye kason a teburin oda, kada ka binne shi cikin lissafin rahoto (takardar da Access ke tsara maka don bugawa), domin dokar kasafin kuɗi na iya taɓa shi. A ce buhu 40 ne a kan sefa 5,000: kuɗin kaya 200,000, haraji 38,500, jimilla 238,500. Inda lissafi ya fito da ɓurɓushi, tunda ba a biyan santim a kasuwa, ka dunƙule harajin sau ɗaya a kan jimilla. In ka dunƙule layi-layi, za ka riƙa saɓawa da takardar mai kawo kaya da sefa ɗaya ko biyu. Tsofaffin odar da suka riga suka lalace kuwa, sai dai ka cike farashinsu da hannu daga takardun da ka buga a lokacin.

Tambaya: Malam, duk shafin da na buga sai farar takarda ta biyo shi, wurin jimilla kuma #Erreur (saƙon kuskure) yake nunawa. (Ma'ajiyar wani kanti, Marwa)

Amsa: Hajiya, rahoton ya fi takardar faɗi. Faɗin A4 santimita 21 ne. In kin bar santimita ɗaya a kowane gefe, kada rahoton ya wuce 19. Ko akwati guda ne ya leƙa waje, Access zai kai ragowar sabon shafi. Ki matso da akwatunan ciki, ki ja bakin rahoton baya, sannan ki duba ko firinta na kan A4, ba girman takardar Amurka ba.

Ita jimilla, kin ajiye ta a ƙasan shafi ne, kuma Sum, umarnin tara jimilla, ba ya aiki a can. Ki mayar da ita ƙasan rahoto, ki rubuta =Sum([Adadi]*[Farashi]) cikakke, don ba ya karɓar sunan akwatin da shi ma lissafi ne.

Tambaya: Oda ɗaya nake son bugawa, amma duka suke fitowa. (Ɗan kasuwa, Kuseri)

Amsa: Ɗan'uwa, maɓallin bugawa da ke kan fom ɗinka bai gaya wa rahoto wace oda ba. A cikin umarnin maɓallin, fara da Me.Dirty = False don a adana abin da ke kan allo, in ba haka ba sabuwar oda za ta fito fayau. Sai DoCmd.OpenReport "Oda", acViewPreview, , "LambarOda=" & Me.LambarOda. Waƙafi biyun nan da ke jere ba kuskure ba ne, kada ka goge ɗaya.