Furanni ko shuka mai shimfiɗa: me ya dace da gindin mangwaro?

Hajiya, kin ce filinki a Barnawa mangwaro biyu sun rufe shi da inuwa, kina tambaya ko ki dasa furanni masu tsayi ko shuka mai shimfiɗa a ƙasa.

Ki fara lura da rana tukuna. Inda take leƙowa awa uku ko huɗu da safe, Ixora, wata shukar ado mai ƙananan furanni a dunƙule, za ta yi miki fure, ko da ba da yawa ba. Bougainvillea kuwa, shukar adon nan mai ƙaya da ke hawa katanga, kar ki ɓata kuɗinki, sai da rana sosai take fure.

Can gindin bishiyar, ni dai mai shimfiɗa zan zaɓa, kamar Tradescantia mai ganye ruwan hoda. Saiwar mangwaro na shanye ruwa da taki, furanni sai su yi ta ƙyamushewa. Ki dasa a watan Yuni da damina ta zauna, su kama ƙasa kafin hunturu. Taki kuma ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye gara yake jawowa.

Kar a sare manyan saiwoyi wurin haƙa. In ana son rage rassa, ki nemi masana a kwalejin gandun daji ta Afaka da ke Kaduna.