Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya a kan tsohuwar kwalbar eta

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na so in wuce kamar yadda na saba, zuciyata ta ƙi. Kin ce kina tatsar man ƙwayar zogale da Sokslet, na'urar gilashin nan ta tatsar mai a lab, an zaƙulo miki tsohuwar kwalbar dayetil eta, ruwan sinadarin da ake narkar da mai da shi, daga sito babu kwanan wata a jikinta, kullum kika zo sai ki tarar ta ragu, shi ne kike tambaya ko ki sa ta a firjin lab ɗinku, kuma in an ɗauke wuta ko za ki iya ɗumama filas ɗin, wato kwalbar gilashin da ake tafasa etan a ciki, da Bansin, ɗan murhun gas na lab mai harshen wuta. Don Allah kar ki yi ko ɗaya. Wallahi da na karanta sai da na shafa hannuna na dama, domin tabon eta ne a wurin.

Ni ƙwayar darbejiya nake tatsa a lokacin, a wani lab a nan Zariya, ba sai na faɗi suna ba. Ƙarshen watan Maris ne, kin dai san zafin garin nan a wannan lokaci, ana kai digiri 38 har 40. Shi kuwa eta a wajen digiri 35 yake tafasa. Ma'ana ko ba ki ɗora shi a kan komai ba, iskar ɗakin kaɗai ta ishe shi ya riƙa tashi. Raguwar da kike gani ke nan, babu wanda yake satar miki. Ranar an ɗauke wuta tun safe, fankar akwatin zuƙe tururi ta tsaya, ni kuma ana ta matsa mini in kawo sakamako kafin mako ya fita. Sai na kwaso kayana na dawo kan benci, na fara juye eta cikin filas.

A can ƙarshen bencin akwai wani da yake gaba da mu a karatu, irin waɗanda ke ji kamar da su aka gina lab ɗin. Na gan shi da ashana a hannu. Na ce masa, Malam, don Allah ka ɗan dakata, eta nake juyewa. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce Hajiya, daga nan zuwa wurinki ai tafiyar yini ce. Har yau ina jin muryarsa. Tsakaninmu ya kai taku bakwai ko takwas, ni ma sai na ji kunya, na ce ko na cika tsoro ne. Ya ƙyasta.

Ban ga lokacin da ta taso ba. Na dai ji wani fuu, sai ga wuta ta biyo saman benci a guje kamar an shimfiɗa mata hanya, ta iso bakin filas ɗin da ke hannuna. Daga baya na fahimci abin da ya faru: tururin eta ya fi iska nauyi kusan sau biyu da rabi, ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi ya malala a kan benci da ƙasa kamar ruwan da ba a gani, har ya je ya tarar da wuta inda take, ita kuma ta biyo shi ta dawo wurinki. Na saki filas, ya fashe. Hijabina na yadin roba ne, dogo har gwiwa, ya kama ta gefen dama, ya narke ya manne mini a hannu. Wani yaro, da niyyarsa ta alheri, ya kwarara bokitin ruwa a kan bencin, wutar ta hau kan ruwan ta ƙara bazuwa, tunda eta bai kai ruwa nauyi ba, a sama yake yawo. Aka ciro tukunyar kashe gobara daga bango, aka matsa, babu komai a ciki. Wani dattijo mai shara ne, Allah ya jiƙansa ya rasu bara, ya kayar da ni ƙasa ya danne wutar da wani tsohon bargo, sannan ya kwaso yashi ya zuba a benci.

Abin da ya fi ƙunar ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Mutumin nan da aka tambaye shi, ya ce shi tun kafin in shigo Bansin ɗinsa a kunne yake, ni ce na kawo eta kusa da wuta. A gaban mutane uku ya ƙyasta ashanar nan, amma babu wanda ya buɗe baki, kowa na tsoron kar a riƙe masa aiki. Ina kwance hannu a naɗe aka aiko mini wai in biya kuɗin kayan gilashin da suka fashe. Mahaifina ya biya, bai ce uffan ba, shirun nan nasa ya fi komai ci mini rai. Ko sannu mutumin nan bai zo ya yi mini ba. Na taɓa haɗuwa da shi a kasuwar Sabon Gari yana cinikin atamfa, ya kalle ni ya kawar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Innata ta ce in yafe, na ce na yafe, amma gaskiya duk sanda na zo sa safar hannu sai na tuna shi. Ku yi haƙuri 'yan uwa, na saki hanya.

Maganar firji. Kar ki ga kamar sanyi zai kwantar da shi. Eta ko a digiri 45 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai iya kamawa, to wane sanyi firjinku zai yi? Tururin zai taru ne a rufe cikin dare, ita kuma na'urar da ke kunna firji tana kashe shi tana yin ɗan tartsatsi, haka ma makunnin ƙwan da ke ciki. Balle a nan da ake kawo wuta a ɗauke sau biyar a yini. Akwai firji na musamman da ake ƙerawa babu abin tartsatsi a cikinsa, in ba irinsa ba ne, ki nemi wuri mai sanyi da duhu da iska, a kabad na ƙarfe, nesa da taga da rana.

Amma ni wannan kwalbar ma ba na son ki ƙara buɗe ta. Eta in ya daɗe yana haɗuwa da iska da haske, yana haifar da wani sinadari da ake kira feroksayid, shi kuma ba ya bukatar wuta, girgiza ko gogayya ko zafi sun isa ya fashe. Shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai ruwan ƙasa, ake rubuta ranar da aka buɗe. Ki duba da ido kawai, kar ki ɗaga: in kin ga wani fari-fari kamar gishiri a wuyan kwalbar ko a gindinta, ko wani kauri kamar mai a ƙasa, kar ki murɗa murfin, ki kira mai kula da lab ki nuna masa daga nesa. In babu ko ɗaya, duk da haka a gwada shi da takardar gwajin feroksayid, ko da fotasiyam ayodayid, in ya koma rawaya ko ruwan ƙasa to akwai. Kuma a aikinki ne abin ya fi haɗari, saboda a ƙarshe za ki so ki ƙafar da eta ki bar mai. Eta ya tafi, feroksayid ya zauna a gindin filas yana taruwa ga zafi. Kar ki taɓa bari filas ya ƙafe ƙaƙaf a kan zafi.

Ban ma san dalilin da ya sa aka ce lallai sai eta ba. Ki je ki sami malamin da ke duba aikinki, cikin ladabi, ki tambaye shi ko hegzen, wani ruwan sinadarin narkar da mai, zai yi. Da shi mutane da yawa suke tatsar man ƙwaya, sai digiri 69 yake tafasa, zafin Zariya ba zai kwashe miki shi haka ba. Shi ma yana kamawa sosai, kar ki ce na ce miki ruwa ne. Kuma ki karanta takardar jikin kwalba da kyau, fetroliyam eta daban, dayetil eta daban, suna ne kawai ya haɗa su, na ga waɗanda suka kai ƙarshen aiki ba su san wanne suka yi amfani da shi ba.

In an ɗauke wuta, ki rufe kwalba ki tafi gida. Ko da wuta ma, cikin ruwan ɗumi ake zaunar da filas, kuma ki tabbatar ruwan sanyi yana gudu a kondensa, bututun da ke sanyaya tururi ya mayar da shi ruwa, in famfo ya ɗauke ki tsaya. Hot filet ma, farantin ɗumama na lantarki, ban yarda da shi ba, eta yana kamawa da kansa a digiri 160, fuskar hot filet kuwa tana wuce haka ba tare da ta yi ja ba. Ragowar kar ki zuba a sinki, tururin yana bin bututu ya ɓullo a wani bencin.

Hijabi kuma, don Allah mata ku ji ni. Ki sa ƙarami na auduga ki cusa shi cikin rigar lab, ita ma ta auduga, ki balle maɓallai. Auduga tana ci amma ba ta narkewa a kan fata. Da hunturu kin san yadda yadin roba ke yin tas-tas in kin cire, wannan ɗan tartsatsin ma ba abin rainawa ba ne kusa da eta. In kin ji kanki yana juyawa ko barci na fizgarki, fita waje, da shi fa aka fara sa mutum barcin tiyata a bainar jama'a a Boston a 1846. Kar ki zo ranar Asabar ke kaɗai don ki yi sauri. Kar ki kai kwalbar ɗakin kwana inda ake kunna risho.

In kuma tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, ruwa mai gudu na minti 20 a kan ƙunar, sai asibiti. Ni ɗanyen ƙwai da man goge baki aka shafa mini a hanya, nas ɗin da ta zo wanke su sai da na ciji gefen zanina. Abin da ya manne a fata kar a fizge.

Waɗanda suka san ni a nan za su ce na cika tsoro, to wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Gobe in kin shiga, kafin komai ki duba allurar tukunyar kashe gobararku ko tana kan kore, ki ga ko ta hoda ce ko ta iskar kabon. Sannan ki ɗauko hoton wuyan kwalbar nan daga inda take ajiye, ba tare da kin taɓa ta ba, ki turo mini ta akwatin saƙo. Ranar Talata zan shigo cikin gari, in kina nan sai in biyo mu duba tare.