Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kos ɗin kula da bayanan asibiti

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, kin ce kin nemi karatun nas ba ki samu ba, sai aka ba ki gurbi a kos ɗin kula da bayanan lafiya, kuma ana ta ce miki wai ƙarshenta yankan kati za ki yi a bakin tagar asibiti, shi ne kike neman shawara ki karɓa ko ki jira wata shekara. Bari in sa baki tunda sana'ata ce, a ofishin rikod na fara aiki kuma har yanzu ɗaliban da makarantu ke turowa aikin gwaji ta hannuna suke bi.

Yankan kati kam yana ciki, ba zan ɓoye miki ba, duk wanda ya shigo da nan yake farawa. Amma masu raina shi ba su san abin da ke bayan tagar ba. Mutum ya yar da katinsa, ya dawo bayan wata shida ya ce shi bai taɓa zuwa ba don kar a yi masa faɗa, ke kuma kika buɗe masa sabon fayil ba ki bincika ba, to yanzu yana da fayil biyu, kuma a tsohon ne aka rubuta da jan biro cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin. Likitan da zai gan shi yau farar takarda ce a gabansa. Kin ga kenan tun daga taga ake fara tsare rai ko a saka shi a haɗari. Shi ma jera fayil sai an koya. Lamba kamar 12-34-56 daga ƙarshe ake karanta ta, a nemi layin 56, a ciki a nemi 34, sannan 12, layuka ɗari ne daga 00 zuwa 99, dalili kuwa don kar duk sababbin fayiloli su taru a kanta ɗaya ma'aikata suna gwara kai wuri guda. Fayil guda in ya faɗa layin da ba nasa ba kamar allura ce ta faɗa ruwa, yana cikin ɗakin amma a banza.

Inda kos ɗin yake da nama shi ne kodin, wato ki karanta abin da likita ya rubuta ki mayar da shi lambar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ke da littafin lambobin, ICD ake ce masa. Bugu na goma, wato ICD-10, an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, na sha ɗaya kuma an amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, amma har yanzu asibitoci da yawa ICD-10 ne a hannunsu, kar ki yi mamaki, ita Amurka ma sai a Oktoban 2015 asibitocinta suka koma na goman. Hawan jini I10 ne, ciwon suga nau'i na biyu E11, maleriya in gwaji ya nuna irin ƙwayar da ake kira falsifarum ce B50, in kuwa likita maleriya kawai ya rubuta ya wuce to B54. Ɗalibai na ganin wannan sai su ce ai hadda ce. Ba hadda ba ce wallahi, akwai juzu'in da ake duba sunan cuta a jere, akwai wanda ake tabbatar da lambar, ba wanda ya ce ki ɗauke shi a ka. Wahalar tana wajen gane me ya kwantar da mara lafiya a zahiri. Tsoho ya zo da gyambo a ƙafa yana da suga yana da hawan jini, wanne ne babban dalilin kwanciya, wanne ne ɗan rakiya? Ko takardar mutuwa a rubuta zuciya ta tsaya, to ai kowa ma da ya mutu zuciyarsa ta tsaya, abin da ake nema shi ne cutar da ta fara jan zaren. A nan dole ki ɗau fayil ki koma wajen likitan ki tambaye shi cikin ladabi, wani ya amsa da fara'a wani ya harare ki, amma ba ki da ikon ki ƙirƙira da kanki. Shi ya sa ake koyar da sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki da kalmomin likitanci a shekarar farko, kar ki ɗauke su darasin cike gurbi, wanda ya yi wasa da su a wajen kodin yake kunyata.

Akwai lissafi kuma, ba mai tsoratarwa ba. Misali an sallami mutum 40 a wata, kwanakinsu a haɗe 200, kowa ya yi kwana 5 kenan a matsakaici. Gadaje nawa ke cike, haihuwa nawa, mutuwa nawa. Da waɗannan alƙaluman ake yanke shawarar ƙara gado ko ƙara ma'aikata ko yawan maganin da za a saya.

To yanzu abin da nake so ki riƙe, kafin ki biya komai ki binciki makarantar ba sunan kos ɗin ba. Ƙasashe da yawa suna da hukumar da ke tantance makarantun nan, da jarrabawar da ake yi bayan kammalawa kafin a yi wa mutum rajista. A Amurka misali ƙungiyar masu kula da bayanan lafiya, AHIMA, wadda aka kafa tun 1928 ita ke ba da shaidar RHIT ga masu karatun shekara 2, da RHIA ga masu digiri, kuma sai makarantarki na da amincewar hukumar CAHIIM kafin ki zauna RHIT ɗin. Ki nemo takwararta ta inda kike, ki ga sunan makarantar a jerinsu da idonki, kar ki yarda da zancen wai ana kan hanyar samu. Na ga yarinya mai ƙoƙari sosai ta gama da sakamako mai kyau, ta zo neman aiki aka ce ina rajista, ashe makarantar tasu ba a taɓa tantance ta ba, kuka take yi a gabanmu ba abin da muka iya yi mata. Sai ki tambaya wane asibiti suke kai ɗalibai aikin gwaji kuma wata nawa, in suka fara kame-kame to kin samu amsa. Ki leƙa ɗakin kwamfutarsu ma, ki ga ko ana kunnawa ko ado ne. Aikin yana ta komawa kwamfuta, manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta ma'aikatun lafiya na ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya da ita suke tattara alƙaluma, wanda ya iya ta ya iya Excel da kyau ya fi abokan karatunsa kasuwa nesa ba kusa ba. Kuma ba asibiti kaɗai ke ɗauka ba, akwai kamfanonin inshorar lafiya, ma'aikatar lafiya, masu bincike, ƙungiyoyin agaji.

Wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne baki. Za ki ga sakamakon gwajin maƙwabciyarki, za ki ga na malaminki, wata rana mutum zai zo yana murmushi ya ce matarsa ce ko wadda zai aura ce a ɗan duba masa me ke damunta. A'a ce amsar, ko da kuwa ɗan gidanku ne. In kin san magana ba ta kwana a cikinki to gaskiya wannan layin zai ba ki wahala.

Batun jira kuma, in zuciyarki tana kan jinya ne, ki taɓa mara lafiya ki yi masa allura ki wanke masa ciwo, wannan kos ɗin ba zai kai ki can ba, hanya ce daban, kuma masu shigowa da niyyar su fake kafin su tsallaka yawanci su ne ke zama rabi nan rabi can. In kuwa kina son asibiti ne amma jini da kwanan dare a ɗakin marasa lafiya ba su ne burinki ba, kina da natsuwa da son abu ya fita daidai, ni dai zan ce ki karɓa, muddin makarantar ta tsallake binciken da na faɗa. Ki turo jerin darussan da suka ba ki in duba miki ko akwai kodin da aikin gwaji a ciki, Allah ya zaɓa miki mafi alheri.